Ƙaramin tsuntsun kurmi da danginsa da ke zuwa Damagaram da damina

A kurmin kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon da Kwango akwai wani ɗan tsuntsu da masana ke kira Ispidina lecontei. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa kuma kusan giram 10 ne. Shi ne mafi ƙanƙanta a dangin tsuntsaye masu kamun kifi, waɗanda ake ce wa martin-pêcheur da Faransanci. Duk da wannan suna, ƙwari ne abincinsa, kuma a cikin inuwar manyan itatuwa yake farautarsu.

Shi wannan ba ya barin kurmi, amma danginsa suna isowa jihar Damagaram. Akwai mai launin fari da baƙi, wanda yake tsayawa cak a sama yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗa ruwa ya ɗauko kifi. A bakin tabkuna ake ganinsa. Akwai kuma Halcyon leucocephala, mai jan baki da kai ruwan toka da fukafukai shuɗi, tsawonsa kusan santimita 20. Shi baƙon damina ne: yana biyo ruwan sama daga kudu, ya hayayyafa, idan kaka ta wuce ya koma.

Wannan baƙo abokin manomi ne. Yakan zauna a kan reshe a gefen gona yana dako, da ya hango fara ko wani ƙwaro sai ya sauko ya cafke. Lokacin da yake ciyar da ƴaƴansa shi ne lokacin da gero da wake suke tsakiyar girma, ƙwari kuma suka yi yawa.

Ba ya yin sheƙa a kan itace. Mace da namiji ne suke haƙa rami da bakinsu a jikin gaɓar tabki ko kwazazzabo, macen ta zuba fararen ƙwai a can ciki. Saboda haka duk wanda ya sare gaɓa don ɗibar yashi ko ƙasar tubali a tsakiyar damina yana iya rushe gidan da ƙwan gaba ɗaya. Sare itatuwan bakin ruwa yana hana shi wurin dako, feshin maganin ƙwari barkatai yana rage masa abinci, ga kuma yara masu harbi da danƙo.

Tabkin Lasuri da na Gidimuni suna cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987. Sai dai jami'an kula da ruwa da dazuzzuka ba za su iya gadin kowane kududdufi ba. Abin da ke hannun mutanen gari shi ne a jinkirta ɗibar ƙasa daga gaɓar da aka ga ramuka har bayan girbi, a bar itatuwan bakin ruwa, a kuma ja kunnen yara.