Bangon makaranta: wa ke magana, wa ke saurare?

Wanda ya bi hanyar Kwanni zuwa Tawa ta Badagishiri zai lura cewa bangayen makarantun boko sun fara magana. Nan an zana yaro yana wanke hannu da sabulu, can yarinya rungume da littafi, a ƙasa kuma tambarin ƙungiyar da ta sayi fenti.

Dalili na farko siminti ne. Malbaza, mai masana'antar siminti, tana nan kusa, kuma bangon da aka yaɓe da siminti yana riƙe fenti yadda na laka ba ya iyawa. Gobarar da ta ci yara a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi cikin 2021 ta ƙara matsa wa hukuma lamba ta gina aji na ƙwarai, kowane sabon aji kuwa sabon bango ne. Ga kuma ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka gano cewa a inda iyaye da yawa ba su yi boko ba, zane ya fi takarda isar da saƙo, ya kuma fi araha.

Amfani akwai shi, ba a musu. Sai dai akasarin zanen umarni ne: wanke hannu, sa 'yarka makaranta. Umarni ba ya buɗe zance. Daga ofis ake zaɓo saƙon, sau da yawa da Faransanci, ko da yake kundin mulkin ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Ga batun hoton mai rai, wanda wasu malamai ke ƙyama. Ba kasafai ake zama da su kafin a kira mai fenti ba. Bayan damina biyu ko uku fentin ya kwaile, ba mai gyarawa, domin ba wanda ke jin nasa ne.

Abin mamaki, wannan yanki ba baƙo ba ne a harkar ginin da jama'a ke da hannu a ciki. A Yama, cikin gundumar Illela, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da ƙasa da itace. Daga baya aka ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, da aka tashi yin sabon masallaci, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon, wanda shi ma aikin Falke ne, ɗakin karatu. Aka gayyato maginan da suka san ginin tun asali suka gyara shi, aka kammala a 2018, aka raɗa wa wurin suna Hikma. Ɗalibin boko yana karatu a ƙarƙashin bakan gizon da kakansa ya yi sallah, mata ma suna shiga. Muhawarar da aka daɗe ana yi kan allo da boko ta samu inuwar zama, alhali ba a rubuta wa kowa huɗuba a bango ba.

A Meziko ma, da gwamnati ta ba masu zane bangayen babbar sakandaren ƙasar a 1922, ɗalibai sun lalata wasu zanukan a 1924 saboda ba su yarda da su ba. Rigima ce, amma dai an tanka.

Abin da ya bambanta Dandaji da bangayen bakin hanya shi ne wanda aka tambaya kafin a fara. Kwamitocin kula da makarantu na Badagishiri da Malbaza da Kwanni suna da damar cewa kada a taɓa bango sai an zauna da yara da iyaye mata da liman da maginan gari, a kuma ware kuɗin gyara tun ranar farko.