Fiyod: Kwarin da Ƙanƙara ta Sassaƙa, Teku ta Cika

Fiyod dogon lungun teku ne mai ƙunci da zurfi, wanda ya kutsa cikin tudu tsakanin duwatsu masu tsayi. Ba kogi ba ne, ba kuma tafki ba: ruwansa na gishiri ne, yana cika yana janyewa tare da teku. Ana samun irinsa a gaɓar Norwe, da Girinlan, da Alaska, da yammacin Kanada, da kudancin Cile, da kudancin Niyu Zilan, wato wuraren da ƙanƙara ta taɓa rufe duwatsun bakin teku.

Ƙanƙarar ce ta haƙa shi. Inda dusar ƙanƙarar hunturu ba ta narkewa duka da bazara, ta bana kan hau kan ta bara, nauyi ya danne ta ƙasa har ta daskare ta yi tauri. Idan kaurinta ya kai wasu gomman mitoci sai ta fara gangarowa a hankali, ta zama kogin ƙanƙara. Yawancin kogunan ƙanƙara ba sa wuce 'yan santimitoci ko mita ɗaya a yini, amma na Ilulissat a Girinlan yakan ci fiye da mita 20. Tsakuwa da manyan duwatsu kan maƙale a ƙarƙashinsa, da su yake kankare ƙasa da gefen kwari. Kwazazzabon da ruwan damina ke yankawa a gonakin ƙasar Daura yana da faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa, domin ruwa gindi kawai yake ci. Ƙanƙara kuwa tana cika kwarin baki da baki, ta ci gindi ta ci gefe, shi ya sa bangon fiyod ke miƙe tsaye, gindinsa kuma shimfiɗe. Sannan kogi ba ya iya haƙa ƙasa sosai ƙasa da matakin teku, amma ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu tana iyawa, don ba ta tashi ta yi iyo sai zurfin ruwa ya kai kusan kashi tara cikin goma na kaurinta.

An shafe fiye da shekara miliyan biyu ƙanƙara na zuwa tana komawa tana wannan aiki. Zuwanta na ƙarshe ya kai ƙololuwa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da teku ta yi ƙasa da matakinta na yau da kusan mita 120. Da ta narke, wajen shekara 11,700 baya, teku ta taso ta mamaye kwaruruwan. Mafi girma a Norwe, fiyod ɗin Sogne, tsawonsa ya kai kilomita 205, zurfinsa ya haura mita 1,300. A bakinsa kuwa, inda ƙanƙarar ta baje ta yi rauni ta zubar da tarkacen da ta kwaso, zurfin bai wuce mita 200 ba. Wannan tudu na ƙarƙashin ruwa, tare da tsibiran bakin gaɓa da kwane-kwanen kwarin, shi ke raba fiyod da haukan teku. Cikinsa galibi a kwance yake, har ƙaramin jirgi ya shiga inda ba zai kuskura ya fita fili ba.

Afirka ma ta ga irin wannan ƙanƙara, sai dai da daɗewa ƙwarai. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, yankin da ya zama Sahara yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi. Har yau ana ganin zanen da ta karta a kan duwatsun Jado a arewa maso gabashin Nijar, da na Tassili a Aljeriya. A arewa maso yammacin Namibiya kuma, masana sun bayyana a 2021 cewa wasu busassun kwaruruwa tsofaffin fiyod ne na shekara miliyan 300.

Shiga fiyod a ƙaramin jirgi ya zama babbar sana'ar yawon buɗe ido. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi suna a Norwe ita ce ta Flam zuwa Gudbangen, tafiyar kamar awa biyu, wadda ke bi ta fiyod ɗin Naroy. A wani wuri faɗinsa mita 250 kacal ne, duwatsun gefe kuwa sun haura mita dubu. Hukumar UNESCO ta sa shi da na Geiranga cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, kuma tun 2018 akwai jirgi mai aiki da lantarki zalla a wannan hanya. Mai tafiya zai ga ruwa na zubowa daga can sama, saboda ƙananan kwaruruwan gefe ba su samu haƙa mai zurfi kamar babban ba, sai suka rage a rataye. Kusa da kogin ƙanƙara launin ruwa kan koma kore mai hazo, sakamakon garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa. A Alaska, inda ƙanƙarar ke sauka har cikin teku, direba kan kashe inji don a ji ƙarar tsatstsagewarta, da tartsatsin iskar da ta daɗe a kulle tana fita daga gutsattsarin da ke narkewa a gefen jirgi.

Fiyod mai ƙanƙara ba ya zama yadda yake. A 1794 matuƙin Ingila George Vancouver ya tarar da Glacier Bay na Alaska cike da ƙanƙara kusan har baki. Yau jirgi na shiga kimanin kilomita 100 kafin ya iske ta.

Kwanciyar ruwan tana ruɗin baƙo. Bangon ƙanƙara kan ɓalle ba gargaɗi, ya tayar da igiyar da za ta kifar da kwale-kwale, wani lokaci ma ɓaraguzan daga ƙarƙashin ruwa suke ɓullowa. Don haka ake gargaɗin ƙananan jirage su tsaya nesa da shi da ɗaruruwan mitoci. Curin ƙanƙarar da ke iyo, wanda kashi tara cikin goma nasa ke ɓoye, yakan juya haka kawai. Iska mai sanyi kan gangaro daga kan ƙanƙara ta bi kwarin da ƙarfi, ga shi gaɓa a miƙe take, babu wurin fakewa na tsawon kilomitoci. Mafi muni shi ne zabtarewar dutse. A Tafiyod na Norwe, a watan Afrilun 1934, dutse ya faɗa ruwa, igiyar ta kashe mutum 40. A Lituya na Alaska, a watan Yulin 1958, girgizar ƙasa ta zubo dutse, ruwa ya hau gefen tsauni har mita 524. Jiragen masunta uku ne a ciki a daren. Wani masunci da ƙaramin ɗansa sun tsira a nasu.

Amma abin da ya fi kashe wanda ya faɗa ruwa shi ne sanyi. Kusa da ƙanƙara zafin ruwan 'yan digiri ne sama da sifiri. A minti na farko numfashi kan ƙwace wa mutum, ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba. Cikin kamar minti goma hannuwa kan daina riƙo, ko da gwanin iyo ne. Yaro ya fi saurin rasa ɗumin jiki, saboda fatarsa na da yawa in aka gwada da nauyinsa. Rigar ceto ce ke riƙe kai sama har taimako ya zo, muddin daidai jikin yaron take, an kuma ɗaure igiyar da ke bi tsakanin ƙafafu. Ta babba takan zame ta kansa. Norwe ta wajabta sa ta a jiragen shaƙatawa da ba su kai mita 8 ba tun 2015, dokar Alaska kuma ta tilasta ta ga yaran da ba su kai shekara 13 ba a buɗaɗɗen jirgi.

A ƙasar Hausa ruwa ba shi da wannan sanyi, amma yara ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu a kifewar jirgi a dam ɗin Watari na Bagwai a watan Nuwamban 2021, da kuma a yankin Mai'aduwa na masarautar Daura a watan Mayun 2022. Lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto su ne dalilan da aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra, kuma duka ukun hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta haramta su.