Sababbin Fitilun Mota A Kan Hanyar Goronyo

Da zarar sanyi ya fara ja da baya, manoman fadamun Rima suka shiga cirar albasa da tafarnuwa, sai hanyar da ta taso daga Sabon Birni ta ratsa Goronyo da ƙasar Wurno ta nufi Sakkwato ta cika da manyan motoci. Tun da aka gama ginin madatsar ruwan Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki, kayan da ake nomawa kuwa har kasuwar Mile 12 ta Ikko suke isa. Direban da ya ɗauki irin wannan lodi, shi da yaron motarsa, kwanaki suke yi ba su da ɗaki sai motar. A Turai da Amurka akwai motocin da aka ƙera da gado da madafa a ciki domin yawon shaƙatawa. A nan kuwa neman abinci ne ya mai da mota gida. Amma damuwar masu motocin biyu ɗaya ce idan dare ya yi, watau a ga hanya, a ga motar, kuma kada batir ya mutu kafin asuba.

Wannan damuwa ce ta sa direbobi ke cire tsofaffin ƙwayayen fitila suna sa waɗanda ake kira LED. Tsohon ƙwai wani siririn zaren ƙarfe ne ke cikinsa, wanda lantarki ke gasawa har ya yi haske, saboda haka mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama. Sabon kuwa ba shi da zaren da zai tsinke in mota ta faɗa rami. Wani Ba'amurke, Nick Holonyak, shi ya ƙera mai jan haske a 1962. Farin haske bai samu ba sai bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, dukkansu haifaffun Japan, suka gano hanyar yin shuɗi, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2014.

A fitilun baya da na gefe, amfanin canjin a fili yake. Ƙwan fitilar baya wat 5 yake sha, na birki da na sigina wat 21. Babbar motar da ta kwana a bakin hanya da ƙananan ƙwayaye goma a kunne tana jan wat 50, watau kusan amfiya biyu a kan wutarta mai bolt 24, kuma haka za ta yi ta zuƙa har gari ya waye. LED ɗan kaɗan daga wannan zai sha. Bugu da ƙari, tsohon ƙwan birki yana ɗaukar kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya cika haske, alhali kuwa sabon nan take yake kamawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin fiye da mita biyar a wannan ɗan taƙi, wanda ya kai tsawon ƙaramar mota.

Akwai 'yan matsaloli da kowane mai gyaran wayar mota ya sani. Wani ƙwan ba ya kamawa sai an juya shi, domin wuta ta fuska ɗaya take bi cikinsa. Ƙwan da aka yi domin bolt 12 zai ƙone a babbar mota. Sigina kuma takan kama ƙiftawa da sauri, don na'urar da ke sarrafa ta ta ga wutar da ake ja ta ragu, ta ɗauka ƙwai ne ya mutu. Maganin wannan shi ne a canja na'urar da wadda ta dace. Abin takaici shi ne yadda wasu ke ƙawata bayan mota da shuɗi da kore, alhali tsarin da duniya ta amince da shi shi ne ja a baya, fari a gaba, ruwan lemo a sigina. Wanda ya hango launin da bai saba ba cikin duhu ba zai san ko motar zuwa take ko tafiya ba.

A fitilar gaba ne magana ta sha bamban. Kwanon da ke bayan gilashinta an ƙera shi ne bisa awon wurin da zaren tsohon ƙwai ke zaune, domin ya tattara hasken ya zuba shi a kan kwalta, ya yanke shi kafin ya kai idon mai tahowa. In aka cusa ƙwan LED da bai zauna daidai wannan wuri ba, hasken sai ya watse sama da gefe. Direba zai ga gabansa ya yi fari fat ya ce ya samu fitila, alhali nesa ba ta ƙaru ba, mai tahowa kuwa an rufe masa ido. Lokacin hazo abin ya fi muni, don ƙura tana mai da hasken da ya tashi sama kan idon mai shi. Su kuwa dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa a kan rufin mota, ba su da gajeren haske ko kaɗan.

Wa ke shan wahalar? A wannan hanya, mafi yawan masu tahowa ba a cikin mota suke ba. Ɗan babur ne da buhu biyu a baya, da mai amalanken shanu, da jakai da raƙuma masu dawowa daga kasuwar Achida, waɗanda ba su da fitila sam. Direban ƙaramar mota da aka dallare wa ido yana yin 'yan daƙiƙu ba ya ganin gefen hanya, inda waɗannan bayin Allah suke tafe. Ga kuma halin tsaro: tun harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ba wanda ke son rage gudu bayan magariba, kuma kowa na son ya hango abin da ke gabansa tun daga nesa. Ba a ga laifin mai wannan tsoro ba, sai dai fitilar da yake saye ba ta ba shi nisan da yake nema.

Wasu ƙasashe sun riga sun yanke hukunci. A Ingila, tun 2021, motar da aka sa wa ƙwan LED a kwanon tsohuwar fitilar gaba ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara, in ban da tsofaffin motoci ƙwarai. Jamus ta yarda da irin wannan ƙwai a 2020, amma sai ga motocin da aka gwada aka jera sunayensu. A nan gida aikin yana wuyan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jiha. Gwajin ba ya bukatar na'ura mai tsada. A tsai da mota a fili madaidaici, ta fuskanci bango daga nisan mita goma, a kunna gajeren haske. Fitila mai kyau za ta zana layi a jikin bangon, haske a ƙasa, duhu a sama, kuma layin bai kai tsayin fitilar kanta ba. Ya kamata a yi gwajin bayan an ɗora buhunan albasa, domin nauyi yana danne bayan mota ya ɗaga hancinta.