Matsalar Bahagwai Wajen Koyon Saƙa a Ƙasar Funtuwa

Da zarar hunturu ya sauka a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, wajen Disamba zuwa Janairu, sai kasuwar hular sanyi da safar jarirai da suwaita ta buɗe. Wannan yanki ya yi suna da auduga tun zamanin Turawa, sa'ad da kamfanin B.C.G.A. ya kafa injinan gurza ta, kuma matansa sun gaji kaɗi da mazari tun kaka da kakanni. Amma saƙar ulu da kibiya biyu, ko da kwarashi, baƙuwa ce. Ta makarantun 'yan mata da azuzuwan matan aure ta yaɗu. A cikin waɗannan azuzuwa ne ake samun wasu ɗalibai da ake yi wa hukuncin rashin basira alhali ba su cancance shi ba, watau bahagwai.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin kowane 10 bahago ne. Ke nan da wuya a tara aji a rasa bahaguwa a ciki, ko da ta ɓoye. Tana kuwa da dalilin ɓoyewa, domin tun tana ƙarama ake buge mata hannu, har ma Bahaushe ya mai da kalmar bahago ta zama sunan mutum mai wuyar sha'ani. Gaskiya ne ci da sha da hannun dama koyarwar addini ce, amma riƙe kibiyar saƙa wani abu ne dabam. Abin mamaki ma, a fagen dambe bahago abin tsoro ne, ba abin tausayi ba.

Ainihin matsalar a wurin zama take. Malama takan zaunar da ɗaliba a gefenta, ta ce ta yi yadda ta ga tana yi. Mai amfani da dama tana kwashe zobban zare daga kibiyar hagu zuwa ta dama. Bahaguwa kuwa hannunta akasin haka yake so. Sai ta dinga juya kowane motsi a cikin kanta kafin ta aikata, zare ya murɗe, zobe ya zame, saƙa ta fito wani gefe a tsuke wani a sake. Tun da ulu da kuɗi ake sayensa, uwa ko miji sai su ga asara ake yi, a ce ta bari.

Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. Idan malama ta zaunar da ita a gabanta, fuska da fuska, damar malama ta yi daidai da hagun ɗaliba, sai ta kwaikwaya kamar mai duba madubi. Akwai kuma salon da ya fi yawa a Jamus da maƙwabtanta, inda ake riƙe zare da hannun hagu, wanda bahagwai da yawa kan same shi da sauƙi.

Sai dai kada a ɗauka kuskure zai ƙare nan take. Littattafan zanen saƙa galibi domin masu dama aka rubuta su, saboda haka wadda ke saƙa ta hagu za ta tarar rage zobba a kafaɗar riga ya karkata ta ɓangaren da ba a nufa ba, ko ramin maɓalli ya koma ɗaya gefen, har sai ta saba karanta dama a matsayin hagu. Abin da ya fi kashe gwiwar mai koyo shi ne warware aikin yini guda saboda zobe ɗaya da ya zame. Ba dole ba ne. Ana iya kamo shi da bakin kwarashi, a hau da shi layi bayan layi har ya koma kan kibiya. Ya kamata malaman cibiyoyin mata su koyar da wannan gyara tun a makon farko, su kuma tambayi kowace sabuwar ɗaliba hannun da take tsefe kai da shi kafin su nuna mata wurin zama.