Akori-kurar Peugeot 504 da Abin da Take Bukata Daga Mai Ita

A Turai da Amurka, motar ɗaukar kaya da ta haura shekara talatin takan zama abin marmari, a kulle ta a gareji sai ranar baje koli, amma a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar irin wannan mota tana nan kan aiki, tana jigilar hatsi da awaki da 'yan kasuwa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Fitacciya a cikinsu ita ce akori-kurar Peugeot 504. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, samfurin akori-kura ya biyo baya fiye da shekara goma bayan nan, ita kuwa masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai.

Dalilin daɗewarta yana cikin sauƙin injinta, domin babu kwamfuta a jikinta da za a ce sai an kawo na'urar bincike kafin a gane ciwonta. Kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, ana kwance ta a wanke a mayar cikin yini guda. Wuta kuma tana isa ga filogi ta distirbuta, wadda a cikinta akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu da ake kira kwantak, masu buɗewa da rufewa domin tartsatsi ya fita a kan lokaci. Idan tazararsu ta goce, motar takan yi gardamar tashi da safe ko ta riƙa tari a hanya, kuma gyaransu bai fi ƙarfin sukundireba ba. Hatta silif, wato hannun ƙarfen da fistin ke zirga-zirga a cikinsa, ana zare shi a sa sabo, shi ya sa inji guda kan sha tayar da komaɗa sau da yawa.

Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi, domin motar ba ta yafe sakaci, musamman game da zafi. Kan injin na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam yana lanƙwashewa idan ya ɗauki zafi fiye da kima, daga nan gaskit ɗin da ke tsakanin kai da gangar injin ya ƙone, ruwa ya shiga baƙin mai ya mayar da shi kamar kunu. Direban da ya san motarsa yakan buɗe bonet kowace safiya kafin ya tayar da ita, ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar awon baƙin mai ya shafa tsakanin yatsu, ya kuma danna fanbel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare a garejinmu suna cutar da injin. Ta farko ita ce ɗura ruwan rijiya zalla a lagireto, wanda ke haifar da tsatsa da dattin da ke toshe ƙananan hanyoyinta. Ta biyu kuma cire tamostat, ƙaramin murfin da ke tsare ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, bisa zaton ƙasa mai zafi ba ta bukatarsa, alhali injin da ya daɗe yana aiki da sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Ƙurar hunturu ma tana cin silif da ringin fistin idan aka bar matatar iska ta toshe ko aka jefar da ita. Kayan gyara dai ba su yi wuya ba a kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano, amma jabu ya yi yawa, har gogaggun makanikai sukan fifita tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata mota a kan sabo mai ƙyalli.

Tuƙinta yana son haƙuri, saboda birkinta ba shi da na'urar da ke hana tayoyi kullewa, ba ta kuma da jakar iska mai kare fasinja, don haka dole direba ya bar tazara mai yawa, ya riƙa sauko da giya a gangara maimakon dogaro da birki kaɗai. A nan ne lodi fiye da kima ya zama babban laifi: maƙeri yana iya ƙara ganyen sifirin a baya domin motar ta ɗauki buhunan da suka ninka abin da aka ƙera ta domin su, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, kuma mutanen da ke zaune a kan buhunan su ne ke fara faɗawa cikin haɗari.

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, lissafin riƙe ta ya sauya, domin injin kafireta ya fi na zamani shan mai. Masu ita sukan auna kuɗin man da ta ƙona da arahar gyaranta, kuma a hanyoyin karkara, inda makanikin kwamfuta yake da nisa, arahar gyaran ce har yanzu take rinjaye.