DARƁA A WURIN RENON ITATUWA

Ɗan'uwa manomi, ka cika ledodi da ƙasa, ka shuka iri, kana ban ruwa safe da marece. Kana jiran damina ka dasa ko ka sayar. To, a cikin wannan jira akwai wani ƙaramin maƙiyi da ke iya ɓata maka wahalar wata uku. Sunansa darɓa.

Mene ne darɓa?

Darɓa ƴan ƙananan ƙwari ne, ba su kai ƙwayar hatsi ba. Akwai baƙaƙe, akwai kore, akwai masu ruwan ɗorawa. Suna taruwa a bayan ganye da kan sabon toho. Bakinsu kamar allura yake. Da shi suke huda ganye, su tsotse ruwan itace. Suna son ƴan itatuwan lemu ƙwarai, kamar yadda suke son wake da gujiya da kuɓewa.

Kada ka raina su. A ƙasa mai zafi kamar tamu, macen darɓa ba ta jiran namiji, ba ta yin ƙwai. Ƴaƴa take haihuwa da ransu. Bayan kamar kwana 7, ƴaƴan su ma su fara haihuwa. In wuri ya yi musu kaɗan, sai wasu su yi fuka-fuki, iska ta kai su wani gun.

Yaya za ka gane su?

Sabon ganye yana nannaɗewa. Ganye yana danƙo kamar an shafa masa zuma: kashin darɓa ke nan. Daga baya wani baƙi kamar kunkunniya ya rufe ganyen, ya hana shi shan rana. Za ka ga tururuwa tana hawa tana sauka. Zaƙin nan take sha, don haka take tsaron darɓa kamar yadda makiyayi ke tsaron garke.

Babban itace yana jure wannan. Amma ɗan itacen da ke cikin leda ganye kaɗan gare shi. In tohonsa ya lalace, sai ya tsumbure. Kuma darɓa na ɗaukar cuta daga wannan shuka zuwa waccan. Tsofaffi ba su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gujiya ta cinye gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. Darɓa ce ta yaɗa ta.

Me za ka yi?

1. Sau biyu a mako, ka juya ganye ka duba bayansa.
2. In kaɗan ne, ka murtsuke su da yatsa, ko ka wanke su da ruwa.
3. Ka ware ledodin da suka kamu, ka ajiye su nesa da sauran.
4. Ka cire ciyawa. Kada ka shuka wake ko kuɓewa dab da ledodi.
5. Kada ka cika takin zamani. Yawansa na kawo ganye mai taushi, shi ne abincin darɓa.

Maganin dogon yaro

In sun yi yawa, magani na ƙofar gidanka. Ka daka busassun ƴaƴan dogon yaro rabin kilo. Ka jiƙa garin cikin ruwa lita 10, ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle. Ka narkar da guntun sabuni kamar girman kwalin ashana, ka zuba. Da marece, in rana ta yi sanyi, ka fesa, musamman a bayan ganye. Ka fara gwadawa a kan leda biyu ko uku. Bayan kwana 7 ka sake haɗa sabo, ka sake fesawa.

Ka san abokinka

Akwai ɗan ƙwaro ja mai ɗige-ɗige baƙi, kamar rabin ƙwayar wake. Kada ka kashe shi. Shi da ƴaƴansa darɓa suke ci. Maganin kasuwa mai ƙarfi yana kashe shi, sai darɓa ta komo ta tarar ba mai hana ta. Kafin ka sayi kowane magani, ka tambayi malamin gona.

Ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itace a ƙasarmu. Itacen da zai kama ƙasa ran nan, tun cikin leda ake tsaronsa. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, don darɓar garkarsa ba ta san iyakar taka ba.