Kim Beom: Mai fasahar da ya sa masu karanta labarai faɗin abin da ba su taɓa faɗa ba

A shekarar 2002 wani mai fasaha ɗan Koriya ta Kudu, Kim Beom, ya fitar da wani gajeren bidiyo wanda bai kai minti 2 ba. Duk wanda ya fara kallonsa zai ɗauka labaran dare ne: ga mai karanta labarai cikin kwat, zaune a bayan tebur, yana duban kyamara da natsuwar da aka saba gani. Sai dai hoton yana tsalle kusan a kan kowace kalma. Abin da Kim ya yi shi ne, ya tara faifan labaran talabijin na gaske, ya yanko kalmomi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya harhaɗa su suka zama jawabin da shi ya rubuta. Kowace kalma daga bakin ma'aikatan ta fito, amma babu wanda ya taɓa furta jimlar a cikinsu.

Bai ba aikin wani suna ba, in ban da kalmar "labarai" da ya maƙala masa. Kuma bai ɓoye ɗinkin ba, da gangan ya bar shi a fili. A nan ne abin mamakin yake, domin ko da mai kallo ya gane cewa haɗi ne, kunnensa ba ya daina sauraro kamar ana sanar da shi wani muhimmin abu. Kwat ɗin, teburin da irin muryar su ne suke riƙe da shi. Ashe rabin amanar da muke bai wa labarai, tun kafin a buɗe baki muka riga muka miƙa ta.

An haifi Kim a birnin Seoul a 1963. Ya karanci zane a Jami'ar Ƙasa ta Seoul, daga baya ya ƙaro ilimi a New York. Shekarar haihuwar tasa tana da muhimmanci ga mai son fahimtar aikin, saboda yana ɗan shekara 17 Janar Chun Doo-hwan ya kammala kame mulki. A ƙarshen 1980 gwamnatin ta tilasta haɗe kafafen yaɗa labarai, aka rufe tashar TBC mai zaman kanta aka damƙa ta ga KBS ta gwamnati, aka kuma kori ɗaruruwan 'yan jarida daga aiki. Daga nan hukuma ta riƙa aika wa gidajen jaridu umarni a asirce kan labarin da za a buga, da wanda za a binne, har da girman kanun da za a ba shi. Sai a 1986 mujallar Mal, wadda korarrun 'yan jarida suka kafa, ta wallafa ɗaruruwan irin waɗannan umarni da wani ɗan jarida, Kim Ju-eon, ya adana. An gurfanar da shi a kotu saboda haka.

Mutanen Koriya na wancan zamani har laƙabi suka yi wa labaran ƙarfe 9 na dare, wanda ya haɗa ƙarar agogo da sunan shugaban, domin da zarar agogo ya buga, sunan Chun ne abu na farko da za a ji. Ba lallai ne a ɗaure bidiyon Kim da wannan tarihi kaɗai ba, amma wanda ya tashi yana kallon mai karanta labarai yana faɗin abin da aka sa a bakinsa, ba ya buƙatar dogon bayani idan ya ga an sake yin haka da almakashi.

Kim bai tsaya a kan labarai ba. A 2010 ya yi wani bidiyo da ya kwaikwayi shirye-shiryen namun daji, inda barewa ce ke bin rabbi da gudu, wato dabbar nan mai kama da damisa wadda ba a kama ta a tsere. Mai kallo yakan ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya lura an juya farautar, saboda idonsa ya riga ya haddace yadda labarin ke tafiya. A wannan shekarar ce kuma ya shirya wani aji a cikin ɗakin baje koli: ya zaunar da kayan gida irin su buta da fanka a kan ƙananan kujeru, suna fuskantar allo da akwatin talabijin, inda wani malami yake koya musu cewa su kayan aiki ne kawai. Mutum zai yi dariya, sai kuma ya tuna cewa shi ma haka yake zama gaban akwatin.

Aikinsa da ya fi yaɗuwa shi ne Yellow Scream na 2012. Wani ɗan wasa ne yake kwaikwayon malaman zane na talabijin, yana bayani a tsanake, amma duk lokacin da ya shafa rawayan fenti sai ya kurma ihu, wani na azaba, wani na tsoro, sannan ya ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru. Kusan rabin sa'a ake yi a haka.

Ana yawan auna duk wani ɗan Koriya mai aiki da bidiyo da Nam June Paik, wanda ya rasu a 2006, mutumin da ya gina hasumiya da akwatunan talabijin 1,003 a shekarar da Seoul ta karɓi gasar Olamfik ta 1988. Kwatancen bai zauna sosai ba. Paik ya ga talabijin a matsayin abin biki da zai haɗa duniya, ya cika ido da haske da launi. Kim kuwa da kayan aiki kaɗan yake aiki, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda akwatin yake koya wa mutum abin da zai gaskata.

A yau, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke iya kwaikwayon fuska da muryar kowa ba tare da wani tsalle a hoto ba, bidiyon 2002 ya zama tamkar aikin hannu na zamanin da. Masu damfara a intanet sun sha amfani da fuskokin sanannun masu karanta labarai wajen tallar jabun magunguna da hanyoyin zuba jari na bogi, kuma abin da suke sata shi ne dai abin da Kim ya nuna: tebur, kwat da murya. Bambancin shi ne su suna goge ɗinkin.

A 2023 gidan fasaha na Leeum da ke Seoul ya shirya masa babban baje koli da ya tattaro ayyukansa tun daga shekarun 1990, ƙarƙashin taken da ke nufin "yadda ake zama dutse".